Bala bai yi maguɗi ba

Da safen nan ina ɗaura igiyar takalmi zan tafi ofis, Usaini tela ya kira ni. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Kana ina? Bala ya rasu. Ƙarfe goma jana'iza."

Na ce wane Bala? Kamar muna da wani.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bala kafinta na Hayin Banki nake nufi, wanda kuka sha ganin hotonsa a shafin nan da fensir a bayan kunne. Yanzu muka dawo daga maƙabarta, har yanzu da ƙasa a ƙafar wandona.

Mu huɗu ne 'yan ludo: ni, Bala, Usaini, da Malam Garba tsohon hedimasta. Duk Alhamis bayan la'asar muke haɗuwa a ƙofar shagon Bala, mu buga har a kira magariba. Shi ya yi wa allon firam ya sa masa gilashi. Shi kuma ya kafa mana doka: duk ihun da aka yi, ba a tashi sai an yi musabaha.

Lokacin da matata ta haihu, ban tambaye shi komai ba, sai ga ɗan gadon jariri a bayan mashin. Ya ce, "Ragowar katako ne, Yallaɓai, kada ka ɗauka wani abu ne."

Yallaɓai yake ce mini don tsokana, wai mu ma'aikatan gwamnati ko ƙusa ba mu iya bugawa ba. Ranar da mahaifina ya rasu, kafin in farfaɗo daga ruɗewa ya jera bencina a ƙofar gidanmu a Unguwar Sarki. Makarar da aka ɗauki Bala a ciki yau ma, shi ya gyara mata ƙafa bara.

A ludo kuwa shi ne alƙalinmu. Mutumin da ke wuni da tef ɗin awo ba ya kuskuren ƙirga. In gardama ta tashi, sai a ce, "Bala, ƙirga mana," magana ta ƙare.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne Alhamis ɗin da ta wuce.

Ina gab da cinye wasa, ɗa ɗaya ya rage mini ya shiga gida. Bala ya jefa siki da uku, tara ke nan, amma ya taka gida goma sha ɗaya ya sauka a kan ɗana. Na yi ihu, aka mayar. Da zagaye ya dawo kansa, gwangwanin kaɗa dayis ya suɓuce daga hannunsa, dayis suka gangara ƙarƙashin benci. Aka tsinto, ya sake jefawa, ya sake zarce ƙirga, ya sake cinye ni.

Ya shafa ƙeyarsa ya ce, "Idona ne, Yallaɓai. Gidajen haɗewa suke yi mini."

Na ce, "Ikon Allah! Idon nan ba ya haɗewa sai a kan ɗana?"

Aka fashe da dariya. Ba mu kaɗai ba ne a wurin, akwai masu jiran salla a benci, akwai maƙwabtan shago, har da wani da ya zo duba ƙofar da ya ba shi aiki. Kun san ni da baki in na ga ana mini dariya. Sai na ƙara da abin da har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba. Na ce, "Ashe duk shekarun nan maguɗi kake mana. Wanda ya yi sata a ludo, Allah kaɗai Ya san me yake yi da katakon mutane."

Bai rama ba. Ni kuma na ɗauka rashin gaskiya ne ya rufe masa baki.

Aka kira salla. Malam Garba ya ce, "To, doka." Bala ya miƙe da ƙyar, ya miƙo mini hannun hagu.

Hagu, a gaban jama'a.

Na ce, "Rainin har ya kai nan?" Na sa hannuna a aljihu na wuce. Ko a masallacinsu ban tsaya ba. Kafin in isa gida na fita daga guruf ɗinmu na waya.

A maƙabarta ƙaninsa Sani ya ba ni sauran labarin. Bayan sallar magaribar nan Bala ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce musu abin ya fara tun kafin faɗuwar, da an lura an kai shi da wuri, wataƙila. Da yake labarin musabahar ya kai masa, Sani ya ce, "Yaya, ai hannun daman ne ya ƙi ɗaguwa."

Kwana huɗu yana kwance a asibiti ba magana. Usaini ya sanar a guruf, ba na ciki. Ya kira ni sau biyu ranar Asabar, na ƙi ɗauka, na ce sulhu zai yi mana, bari su ɗan ji jiki tukuna. Kowa ya je ya duba shi ban da ni.

Na san kwana ne ya ƙare, ba sai an tuna mini ba. Amma mutum yana zaune gabana jikinsa na mutuwa, ya faɗa mini da bakinsa, ni kuma ina tsaron ɗan roba. Wallahi zuciyata ta yi nauyi.

Neman yafiyarsa ya wuce ni. Abin da ya rage a hannuna shi ne sunansa, tunda a bainar jama'a na ɓata shi. Duk wanda ke wurin ranar, ko labarin ya kai masa, ya ji daga bakina: Bala bai yi maguɗi ba. Bai taɓa cin katakon kowa ba. Ni na yi masa ƙazafi. Don Allah ku karanta wa 'yan layin da ba sa hawa shafin nan, musamman mai ƙofar nan, ban san sunansa ba. Kada 'ya'yan Bala su girma su ji wani ya maimaita maganata.

Ya Allah Ka gafarta wa Bala, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ciwon nan ya zama kaffara gare shi, Ka dubi iyalinsa. Ku daure ku sa shi a addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ku karanta masa.

In kun gama, ni ma ku roƙa mini Allah Ya sa ya yafe mini kafin harshensa ya ɗauke.