Gaisuwar da Na Yi a Kasuwar Zuru

Lokacin da wannan abu ya faru ina ɗalibar ajin ƙarshe a sashen kula da walwalar jama'a. Ni 'yar tsohon soja ce, kuma a gidanmu gaisuwa doka ce. Yaron da ya wuce babba bai rusuna ba, sai ya koma ya gaishe shi kafin ya ci tuwo. Da wannan tarbiyya makaranta ta tura ni sanin makamar aiki a wani ƙaramin ofishi a Zuru, inda ake taimakon matan da mazajensu ke duka.

Ranar da na fara, shugabar ofishin, wata dattijuwa da muke kira Mama, ta jera mini ƙa'idoji. Da farko in saurara. Sannan kada in yanke wa kowa hukunci. Ta ƙarshe kuwa, in na haɗu da ɗaya daga cikin matan a waje, in wuce kamar ban santa ba, sai in ita ta fara yi mini magana. Na amsa da to, amma a raina na ce wannan rashin ladabi ne aka sa wa suna ƙa'ida.

Akwai wata mata daga wajen Dabai da na shaƙu da ita, mijinta ɗan acaɓa ne. Takan ce masa za ta taron zumuntar mata a coci, sai ta biyo wurinmu. Ya taɓa take mata haƙarƙari har numfashi na yi mata wuya, kuma ko uwarta ba ta gaya wa ba, sai mu. Takan tsokane ni, wai ni 'yar soja ko dariya sai an ba ni oda. An riga an tsara mata komai: a gama girbin dawa, ta kwashi yaranta zuwa wurin gwaggonta a Dirin Daji, daga nan a kai ƙara.

Ranar kasuwa na gan ta tsaye gaban buhun gyaɗa. Ta girme ni, ƙafata ta ƙi wucewa. Na rusuna na ce mata sannu Yaya, na tambayi gajiya, na tambayi yara, sannan na tambaye ta yaya haƙarƙarin. Ta sunkuyar da kai. Wani mutum da ke ɗaure kaya a bayan babur ya juyo yana murmushi, ya tambaye ni ko ni likita ce, kuma a ina na san ciwon matarsa. Ita ce ta yi saurin cewa 'yar cocinsu ce ni, alhali ina sanye da hijabi.

Daga ranar ba ta sake zuwa ba. Na gaya wa Mama, ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ɗauki mayafinta ta fita. Wayar matar a kashe. Matan cocin suka ce mijin ya hana ta zuwa. Na roƙa da kuka a bar ni in je gidan, Mama ta ce fuskata ce abu na ƙarshe da ya kamata mutumin nan ya sake gani. Ta je wurin uban matar, ya ce mijin ya yi masa golmo, wato shekaru yana nome masa gona kafin a ba shi aurenta, don haka shi uban ba shi da bakin raba su. An sanar da hukuma, kafin a je mijin ya kwashe ta da yaran zuwa wani ƙauye a ƙasar Wasagu. An bi, ba a dace ba. Kullum ina tsaye bakin tasha ina duban matan da ake saukewa daga babur, har wa'adin aikina ya ƙare. Yau ban san ko tana raye ba.

Abin da na koya shi ne, ban bi ladabi don ita ba, na bi shi ne don kada a ce ba ni da tarbiyya. Ina gargaɗin duk ɗalibin da za a tura irin wannan aiki: in an ba ka ƙa'idar da ba ka gane ba, ka tambayi dalili a ofis, kada ka gwada ta a kan matar wani. Kai za ka koma makaranta, ita kuwa gidan za ta koma, tare da shi.