Baƙin Salatif a Kan Jar Fitila

Tsoron ya fara kama Yaya ne a filin sayar da motocin hannu, lokacin da dillali ya murɗa makulli. Fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya, suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sai guda ta ƙi mutuwa. Ja ce, da hoton ɗan mutum a zaune, wani abu kamar ƙwallo a gabansa.

"Baba, wannan fa?" in ji ta.

"Sensa ce kawai, ƙanwata," dillali ya riga shi amsawa. "Motocin manya ai shagwaɓa gare su. Ko ƙuda ya sauka a kansu sai sun yi ƙorafi."

Baba bai ko leƙo ba. Yana waje yana buɗe ƙofar baya yana rufewa, ya karkata kunne. Dum! Ya sake. Dum! Ya yi murmushin da Yaya ta daɗe ba ta gani a fuskarsa ba.

"Kin ji ƙarfe, Uwata? Wannan ita ce mota."

Tun yana saurayi Baba yake tuƙa manyan mutane, har gashinsa ya yi fari a bayan sitiyari. Abokan aikinsa Sannu-Sannu suke ce masa, don ko maigida zai makara jirgi, Baba ba ya ƙara wuta. Abin alfaharinsa shi ne maigida ya yi barci a kujerar baya, bai farka ba sai an iso. Saboda haka duk abin da zai sa mota surutu, Baba ya san maganinsa. In bel ɗin kujera yana ƙara, sai ya zagaya da shi ta bayan kujera ya maƙala, mota ta yi shiru, rigar maigida ba ta yamutse ba. In wata fitila ta kama, kar maigida ya gani ya fara faɗa, sai ya ciro baƙin salatif daga aljihu ya rufe ta, a kai wa bakanike ranar da aka samu sarari.

Sau ɗaya ya taɓa yin haɗari. Wata ƙaramar mota ce ta shigo musu hannu. Tasu babba ta lotsa kaɗan, ƙaramar kuwa ta nannaɗe kamar gwangwanin madara, da mutane a ciki. Baba ne ya taimaka aka zaro su. Tun daga ranar ba ya ganin ƙaramar mota a matsayin mota.

To, sai Auta, ɗansa namiji tilo, ya samu gurbi a wata kwaleji a bayan gari, hanyar da tireloli ke bi. Yaron bai cika ashirin ba, lasisinsa ko lanƙwasa bai yi ba. Ya ce babur yake so.

"Babur? Ina raye?" in ji Baba. "Jikinka ne fa bodin."

Umma ta ce a bar shi ya riƙa bin bas kamar 'ya'yan kowa. Baba ya ce ya san direbobin bas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa. Ya ɗauki kuɗin sallamarsa na aiki ya ce ƙarfe zai saya wa ɗansa. Ya tafi da Yaya, wadda ta gama jami'a tana zaman jiran aiki, don ta karanta masa takardu.

Takardun lafiya lau suke. Kujerun fata ne, sun ɗan tsattsage, ciki yana ƙamshin turaren wani mai kuɗin da ba su sani ba. A hanyar gida Yaya ta duba wayarta, ta ce, "Baba, fitilar jakar iska ce, wadda ke fitowa daga sitiyari in an yi karo. A kai a duba."

"Za a duba. Ni da na tsira, wace jaka ce ta fito mini?"

Da suka iso, Auta ya yi ta zagaya motar yana ihu, yana shafa ta.

"Yaya, daga yau in za ki neman aiki, sai kin cika mini fom kafin in ɗauke ki!"

"Ji banza! Wa zai ba ka ransa?"

Baba ya zaunar da shi a kujerar direba, ya matso masa da ita gaba yadda shi yake zama, ƙirji dab da sitiyari. Ya ga idon yaron yana komawa kan jar fitilar. Sai ya laluba aljihu, ya yanki salatif da haƙori, ya manna, ya danne da babban yatsa.

"Direba hanya yake kallo, ba fitila ba."

Yaya ta sake yin maganar, sau biyu ko uku. Kullum akwai abin da ya fi gaggawa: tayoyi, batir, birki. Waɗannan kam Baba ya canza su da hannunsa. Kowace safiya shi ke wanke motar, ya duba mai da ruwa, ya tsaya a bakin get har ta sha kwana. Maganar bel kuwa ba wanda ya koya wa Auta. Tun yana yaro yake ganin yadda ake yi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi aka kira wayar Baba. Tirela ce ta ci birki a gaban Auta. Ba gudu yake ba, duk waɗanda suka gani sun shaida. Kafin su isa an wuce da shi asibiti, sai motar suka tarar a gefen titi. Gabanta ne kawai ya shige. Mutane suna ta cewa ai mai wannan motar ya tsira.

Yaya ta leƙa ciki. Bel ɗin yana maƙale ta bayan kujera. Murfin sitiyari ya fashe, tsumma da soso sun leƙo daga inda jakar ya kamata ta kasance. Salatif ɗin yana nan daram.

Baba ya kama ƙofar direba ya rufe. Dum! Ya tsaya riƙe da hannun ƙofar har sai da Yaya ta ja shi.

Yanzu suna kan benci a barandar asibiti, gaban ɗakin tiyata. An ce ƙirji ne da kai. Umma tana jan carbi, leɓunanta sun bushe. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta wuce sai Baba ya miƙe tsaye, hannu a baya, kamar yadda yake yi wa iyayen gidansa, ta wuce, ya koma ya zauna.

"Uwata," ya ce, bai ɗago ba. "Ɗan mutumin nan na jikin fitilar. Sake faɗa mini, me kika ce yake nufi?"

Yaya ta matso kusa da shi. Ta riƙe hannunsa.

Tun kafin azahar aka shiga da Auta. Har yanzu likita bai fito ba.