Bazarar da Baffa Ya Ɓare Gujiyar Gari

Jiya jikata ta sayo gujiya, wato gyaɗa, mai ɓawo, ta zauna bakin tabarmata tana ɓarewa. Ƙas, ƙas, ƙas. Ban san sa'ad da na kama waƙar majami'a ba. Ta dube ni ta ce, "Kaka, yau fa Laraba ce." Na yi dariya har da hawaye. Ku da kuke karatun nan, ku matso in gaya muku abin da ƙarar nan ta tono.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tasawa da Urafan. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gujiya kuwa ita ce sarauniya. Da kaka manyan motoci ke zuwa su kwashe ta, a bar wa kowane gida irin shuka kawai. Gida huɗu ne mu masu bin Yesu a garin. Majami'armu ɗakin kara ce, ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen mota ne da aka rataye a bishiyar bedi.

Ƙanen babana, wanda muke kira Baffa, yana da taɓin hankali. Kakata, wadda shi ne autanta, ba ta taɓa faɗin kalmar ba. Ita dai sai ta ce, "Baƙon Auta ya sauka." Da bazara yake sauka, in zafi ya tsananta. Sai Baffa ya daina barci, ya yi ta magana da garka, ya yi ta zagaya gari ba takalmi. Da ruwan farko ya faɗi, baƙon ya tafi, Baffa ya ɗauki hauya kamar kowa.

A shekarar da nake faɗi, wata safiya ya je rijiya ya kwashe gugunan mata duka ya zuba ciki, wai ƙishirwa suke ji. Rijiyarmu mai zurfi ce ƙwarai, yini guda aka yi ana fiddo su. Maigari ya zo gidanmu da kansa. Ya ce da Kaka in Baffa ya sake kusantar rijiya kafin ruwa ya sauka, sai turu. Turu gungumen itace ne da ake hudawa a sa ƙafar mutum a ciki. Na taɓa ganin wanda aka cire daga ciki, har ya mutu yana jan ƙafa.

Da maigari ya tafi, Kaka ta miƙe. Ta sa aka fiddo irin gujiyarmu daga rumbu, ta zaunar da Baffa ƙarƙashin rumfa, ta ajiye masa ƙwarya biyu. Shi iri ba a bugunsa da sanda, da hannu ake ɓare shi ɗaya ɗaya, don ƙwayar da ta tsage ba ta tsirowa. Ta kama waƙa, ya kama ɓara. Ikon Allah, muddin yatsunsa na aiki, ƙafafunsa suna zaune. Mu yara in an ba mu aikin nan rabi a baki yake ƙarewa. Baffa bai taɓa cin ko ɗaya ba, bai taɓa tsaga ko ɗaya ba.

Matsalar ita ce Lahadi, don mu ba ma aiki ranar. Lahadi ta farko ana tsakiyar wa'azi ya miƙe ya nufi hanyar rijiya, da ƙyar babana ya tare shi. Lahadi ta biyu Kaka ta shigo majami'a da ƙwaryar gujiya a ka. Malamin da ke mana wa'azi, saurayi ne mai tsoron kuskure, ya sha gabanta.

"Inna, yau ranar hutu ce."

"To, Malam, shi hutunsa ke nan. Na gaya wa Mai ranar tun da asuba, bai ce a'a ba."

Malam ya kauce ya ba ta hanya. Ranar aka yi wa'azi da ƙas, ƙas a bayansa. Da aka kama waƙa, sai ga Baffa yana ɓara daidai da tafi.

Amma irin gida ɗaya nawa yake? Ga sama fes, ko gajimare babu. Kaka ta gwada shi da sussukar hatsi, ya ƙi. Ta ba shi wake, ya watsar. Ita kuwa addu'arta ba ta sirri ba ce. Tana daka tana yi da ƙarfi, kamar mai magana da maƙwabci ta kan darni: "Yesu, ƙwarya uku ta rage, ka dai gani. Ni ban iya yin gujiya ba, kai ka iya."

Darnin kara ba ya ɓoye magana. Maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma a garinmu ba a ba baƙon hannu irin shuka, balle hannun mai taɓuwa. Duk da haka, washegari matar liman ta leƙo da ƙwaryar irin gujiyarsu, ta ajiye ta juya ba ta ko zauna ba. Da ta ga yadda aikin ya fito, labari ya bazu. Kafin mako ya zagayo, sai ga maigari da jaki da buhu biyu. Ya tsaya yana gyaran murya.

"Ba wani abu ba ne, iyalina ne ke cinye mini iri."

Kaka ta ce, "Mun sani, ranka ya daɗe. Auta, tashi ka gai da baban gari."

Buhun maigari na biyu bai kai rabi ba hadari ya haɗo daga gabas. Baffa ya ajiye ƙwarya, ya shaƙi ƙamshin ƙasa, ya ce, "Inna, ina hauyata?" Kaka ta fita tsakar gida cikin ruwan tana rawa, zane jiƙe sharkaf.

Yanzu gujiyar ta ja baya, inji ke ɓare ɗan abin da aka noma. Akwai magani wurin likita, Baffa ma ya sha shi a ƙarshen rayuwarsa, ya kuma ji daɗinsa. Sai dai har yau ina jin labarin waɗanda ake ɗaurewa a bayan ɗaki, ga magani kusa, amma babu mai zama kusa da su.

Da na gama ba jikata labarin, ta ce, "To Kaka, addu'ar ta ci? Ya warke?"

Na ce bai warke ba. Kowace bazara baƙonsa na sauka, kowace bazara gari na kawo masa iri. Ya tsufa, ya yi furfura, ranar da muka kai shi makwancinsa ƙafafunsa biyu lafiya lau suke.