Babur Mai Kama da Na Yayana

Sallama gare ku, edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne mai rawar kai a unguwar Gardole ta birnin Njamena, sana'ata ɗauko nama a babur daga mayanka in kai wa mahauta kasuwar Dembe. Kakanninmu maniyyata ne da suka taso daga yamma da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare suka zauna nan, shi ya sa maganar ƙarasa tafiyar ba ta taɓa mutuwa a gidanmu ba. Yayana, ɗan farin Inna, shi ya ɗauke ta da gaske. A farkon shekarun 1990 ya ɗaure jakarsa a bayan babur ya nufi gabas, ya ce zai sayar da shi a Sudan ya ƙetare teku. Gaisuwarsa ta ƙarshe ta bakin wani direban garin Abeshe da ke gabas ta zo, daga nan shiru. Babur ɗin nan kuwa kowa a unguwa ya san shi: baƙin tanki mai jan layi, fitila zagayayya, da buzun rago da yake shimfiɗawa a kan kujera. A kansa ya koya mini tuƙi, yana rankwashina in na saki kuloci da gaggawa. Wallahi har rankwashin nake kewa.

Inna ta yi jira har ta gaji. Ta bi malamai, ta bi alhazai masu dawowa tana tambaya, babu wanda ya gan shi. Bayan shekara goma da wani abu sai ta haƙura, ta daina zabura in an buga ƙofa, ta koma cin abinci sosai, har dariyarta ta dawo.

Ana nan sai ga wani sabon babur ya shigo gari ta Kuseri, garin Kamaru da ke ƙetaren kogi, sabo fil amma an ƙera shi da siffar na da. Tab, ranar da aka fara kawo shi majalisarmu ta masu babur, gindin wata bishiyar maina a bakin Dembe, shayi ma sai da ya huce a kofi! 'Yan kalando, wato masu ɗaukar fasinja, suka ce wannan ai na tsofaffi ne, wace budurwa za ta hau abin da kakanta ya hau. Wasu suka ce su dai ba ya shan mai, kuma ba ya zubar da baƙin mai a ƙafar wando. Wani dattijon makaniki ya ƙwanƙwasa tankin da yatsa, ya taɓe baki ya ce gwangwani ne aka sa wa rigar manya, na da in ya yi gurnani sai ka ji shi a ƙirjinka, wannan kuwa kukan keken ɗinki yake yi. Aka yi ta musu har da rantse-rantse. Ni kuwa idona yana kan babur ɗin, domin baƙi ne mai jan layi, kuma abin da nake gani daban.

Na sayar da nawa na saye shi. Abokan suka yi ta tsokanata wai na tsufa tun ban yi aure ba. Wani a cikinsu da ya san Yaya ya ce in ina son ya cika kama sai in ɗora buzu. Na ko ɗora, ina murna, ina cewa a raina Inna za ta ji daɗi in ta gani. Ban gaya mata ba, wai ni mai son ba da mamaki. Na iso gida dab da la'asar ba ta nan, ta tafi barkar suna. Na kafe shi a ƙofar gida, daidai inda Yaya yake kafe nasa, na wuce masallaci.

Muna sallamewa na ji guɗa. Na fito na tarar mata sun cika ƙofarmu, takalmin Inna ɗaya a waje, mayafinta a ƙasa. Tana cikin gida tana bankaɗa labulen ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, tana kiran Yaya da sunansa na yanka. Ku da kuka san alkunyar iyayenmu kun san uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Da ta gan ni ta riƙe hannuna tana dariya tana kuka, tana tambayata ina ya ɓuya, ko masallaci ya shiga, ko ya rame. Ni na gaya mata da bakina cewa babur ɗin nawa ne. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta saki hannuna, ta ce Allah ya sa alheri, ta shiga ɗaki. Matan suka watse sumui-sumui, wata ta miƙo mini takalmin.

Washegari na ce mata zan mayar da shi. Ta hana. Ta ce in bar shi, kuma kullum in riƙa kafe shi a wurin nan, don in ta leƙo da safe, kafin hankalinta ya tuna mata, takan sami ɗan lokaci kaɗan da ɗanta yake gida. Na bi maganarta, amma jiran da ta binne ya taso sabo. Ta koma zabura in an buga ƙofa, ta koma rage tuwo a kwano ta rufe. Da 'yan'uwa suka ce mu koma unguwar Atron inda fili yake da sauƙi, ta ce ba inda za ta. A ciwonta na ƙarshe, abin da take yawan tambayata shi ne ko babur yana waje, wai unguwa ta canza, an yi sababbin gine-gine, kada ya zo ya wuce gidan bai gane ba. Haka ta rasu.

Abin da na koya shi ne, ba don Inna na sayi babur ɗin nan ba, don kaina ne, ni ma Yaya nake nema, na rasa ƙarfin halin faɗa. 'Yan'uwana masu babur, ku yi musunku a kan inji da shan mai, amma abin da ya yi kama da na wanda ya tafi, kada ku kai shi gida sai kun fara sanar da mai jira. Ku kuma da kuka yi nisa kuka yi shiru don kunyar dawowa hannu wofi, ku aiko ko da gaisuwa ce. Babu wanda yake jiran tsarabarku. Yaya, in wannan ya iso gare ka, ba mu tashi ba, kuma Inna ta kira sunanka.