Buhun 'Ya'yan Tsamiya

Ban yi karatu ba. 'Yata ta fari ce take rubutawa, ni ina faɗa. Na gaya mata in kuka ya zo mini ta jira ni, kada ta cike mini maganar da tata.

Mijina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne a Jimeta. A shekarun da aka raba jihohi, takardun makaranta suka koma tafiya Maiduguri, sai aka tura shi kwas. Ya dawo da aikin da aka ce sai ya yi kafin a ba shi takardar shaida: ya gwada yadda yaro yake riƙe karatu a kansa. Dama ya daɗe yana cewa yaron da ya taɓa lissafi da hannunsa ba ya mantawa, wanda kuwa ya rera da baki kawai, kafin hutu ya ƙare ya zubar. Saboda wannan ra'ayin har bulalarsa ya rataye a ɗaki, ya daina zuwa da ita aji.

Ni na tara masa 'ya'yan tsamiya, na wanke, na shanya, na zuba a gwangwanayen madara. Ya kakkarya tsinken tsintsiyata, dogo da gajere, kowane yaro a ajin ya zari ɗaya ido a rufe. Masu dogo su yi lissafi da tsamiya, masu gajere su ci gaba da rerawa. 'Yarmu tana ajin, dogo ta zara. Makarantar ba ta da kabad mai makulli, don haka kullum yakan dawo da buhun gwangwanayen a bayan keke, ya tura ƙarƙashin gado.

Na ce, "Malam, su masu gajeren me suka yi aka hana su?"

Ya ce, "Ba su yi komai ba. In kin ɗora tukunya biyu, kin sa daddawa a ɗaya, yaya za ki san aikin daddawar?"

"In ɗanɗana duka biyun."

"In kuma kin sa a duka?"

"Ai sai dai a sha miya."

Ya yi dariya ya ce, "To kada ki sa mini daddawa a tukunya ta biyu. Zango ɗaya ne. In an gama kowa zai samu."

Na gane maganar sarai. Ba zan ce ban gane ba.

Muna da maƙwabciya, mutuniyar Yola, Adda nake ce mata. Ita ta karɓi haihuwar wannan 'yar tawa. Ɗanta gajere ya zara. Wata rana ta shigo ɗibar wuta, ta tsaya a bakin murhu ta ce, "Sannu matar malam. Ashe tsinke ma ya san 'yar malam."

Kunya ta rufe ni. A wajenmu ba ka ba ɗanka abu ɗan maƙwabci yana kallo, balle 'yar fari da ko sunanta ba na kira. Bayan la'asar Malam yakan hau keke zuwa Yola ɗaukar karatu wajen wani dattijo. Ranar yana fita na jawo buhun, na ba ɗan Adda gwangwani ɗaya. Washegari ya zo da abokansa biyu. Kafin mako biyu, kusan duk masu gajeren tsinke suna tsakar gidana suna jera tsamiya a ƙasa. Ana kusa da magariba in kore su, in tsince, in share wurin.

Ƙarshen zango ya yi musu jarrabawa, bayan hutu ya sake yi. Ya zauna a tabarma gindin darbejiya, ya haɗa makin ya sake haɗawa, har fura ta yi tsami a gefensa. Sai ya ce, "Babu bambanci. Abin mamaki ma, dukansu sun fi na bara. Ban gane ba."

Ina tsaye riƙe da faifai. Nan ne ya kamata in buɗe baki. Tsoro ya hana ni, na ce masa, "Haka Allah ya so."

Abin da ya gani ya rubuta, ya ce ba zai ƙara maki ko ɗaya ba. Takardar ta tafi Maiduguri, aka ba shi shaidarsa. Amma ya sa na zubar da tsamiyar a juji, ya sauko da bulalar. Har ya yi ritaya da rerawa yake koyarwa. In na ji kukan yaro daga makaranta, sai in ji a jikina.

A ciwonsa na ƙarshe na dama masa kunun tsamiya, ɗa ɗaya ya tsallake rariya ya faɗa cikin kofin. Ya ciro shi, ya riƙa juya shi a yatsa, ya ce, "Da can na ɗauka na gano wani abu." Na ce, "Sha kafin ya huce." A makon ya rasu.

Da na kawo nan 'yata ta ajiye biro. Ita ma malamar makaranta ce, har ta yi ritaya. Ta ce, "Dada, kin manta? Ni ce nake nuna musu yadda ake jerawa." Ta ce farkon kama aikinta babanta ya ga gwangwanin tsamiya a jakarta, ya ce mata, "Kada ki ɓata lokacinki, na gwada." Ita ma ba ta gaya masa ba.

Sannan na ce ta ɗauki biron, wannan ma ta rubuta.