Akwatin da Kafinta Ya Yi wa Mama

Kafinta bai san fuskar mahaifiyarsa ba. Kwana uku da haihuwarsa ta rasu, ta bar shi yana tsala kuka a hannun ubansa, direban babbar mota wanda ko riƙon jariri bai iya ba. Aka gwada madarar gwangwani, cikin yaron ya ƙi karɓa. Mai kemis ɗin bakin layi, wani tsohon Bayahude mai faɗan tsiya, shi ya duba jaririn ya ce in ana son ya kai mako, a nemo mace mai shayarwa. Kuma ba sai an je da nisa ba, ga matar tela a hawa na biyu, Kirista ce, goyonta wata ɗaya.

Uban ya kai wa liman maganar yana ɗari-ɗari. Liman ya ce babu laifi, amma ya sani daga ranar ta zama uwar yaron, 'ya'yanta kuma 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsa da 'ya'yanta mata har abada.

Haka ya tashi yana ce mata Mama. Shekara biyu suna rabon nono da ɗanta na fari, wanda daga baya ya zama lauya. Ba ta taɓa kai shi coci ba. Ita ce ma mai bin sa da silifa ranar Juma'a in ya tsaya ƙwallo ana kiran salla, tana cewa ba za a ce ɗan da ta shayar ya tashi ba ya tsoron Allah ba.

Yanzu in ka zauna da samari, za su rantse maka cewa dama can ba a taɓa zaman lafiya ba. Ƙarya suke yi. An yi gulma, an yi raini, an yi kallon banza, amma famfo ɗaya ake layi a kai. Sannu a hankali layin ya watse. Yahudawan unguwar suka tattara suka tafi, ɗakin ibadarsu ya koma wurin ajiye tayoyi. Shekarar da aka yi rikici, Kiristoci suka koma tsallaken gada, Mama a cikinsu. Kafinta bai fasa zuwa wurinta ba. Shekara talatin, duk Juma'a in an sauko, sai ya haye gadar da guduma a jaka, ya gyara mata ƙafar kujera ko marfin taga, ta yi ta mitar ya rame.

Da jikinta ya yi nauyi, ta kama hannunsa ta ce, "Kai za ka yi mini akwatin gawata. Ba na son na kanti."

"Mama, daina wannan magana."

"Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya ce ya ji.

Ranar Talata da safe ta cika. Ya ajiye duk aikin da ke gabansa, ya ciro katakon da ya daɗe yana ɓoyo, ya yi yini biyu yana yanka yana goga. Awonta yana kansa, ko tef bai ɗauka ba. Da ya zo kan marfi ya daɗe a tsaye, sannan ya yanko sanda biyu ya haɗa gicciye ya kafa, don ya san haka za ta so.

Shagon ba shi da labule, kowa ya gani. Mai walda da suka yi shekara ashirin suna shan shayi tare ya wuce bai amsa sallama ba. A masallaci wanda ke gefensa ya matsa ya bar gurbi a sahu. Babban ɗansa ya same shi ya ce mutane na magana, har an ce ko ya sauya addini ne. Kafinta ya ce uwarsa yake yi wa aiki, kuma ba a bakin mai walda ya koyi haƙƙin uwa ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma ya haɗiye.

Ya ɗora akwatin a bayan mota ya haye gada. Lauya, wanda ya iso daga babban birni, ya tare shi tun a ƙofar gida. Ya yi godiya mai yawa, irin wadda ake yi wa baƙo. Ya ce ai dangi sun riga sun sayo wani, kuma tun harin da aka kai cocinsu bara zukatan mutane ba su huce ba, in aka ji wanda ya yi akwatin za a yi ta surutu.

"Ita ta ce in yi," in ji Kafinta.

"Ka san yadda abubuwa suke yanzu."

Ko ruwa ba a ba shi ba. Direban motar ya juya da akwatin.

Duk da haka ranar jana'iza ya sa rigarsa mai kyau ya koma, don aƙalla ya sa kafaɗa a ɗauke ta. A ƙofar coci akwai mai gadi da na'urar bincike. Ya dubi hular Kafinta, ya ce yau sai 'yan coci da dangi.

"Baba, kai wane ne nata?"

"Ɗanta ne."

Mai gadin ya buɗe takardar jana'izar, mai hoton Mama a bango, ya bi sunayen 'ya'yanta da yatsa har ƙasa. Ya ce su huɗu ne a nan, kuma duk sun shiga. Cikin ladabi ya roƙe shi ya koma tsallaken titi, kada ya ja hankalin jami'an tsaro.

Nan ya tsaya a rana, kusa da mai faci, har aka fito da ita. Motoci suka wuce ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta rage gudu. Har yau Kafinta bai san inda kabarinta yake ba.