Jan Biron Kawu Bitrus

Duk wanda ya san Kawu Bitrus, yayan mahaifiyata, ya san jan biron da ke maƙale a aljihun rigarsa. Shekarunsa na aiki kaf ya yi su yana buga wasiƙu a sakatariyar ƙaramar hukuma a Malumfashi. Ya yi ritaya, biron bai yi ba. Ko sanarwa aka liƙa a allon coci, sai ya tsaya ya ƙara mata aya, ya ja layi a ƙarƙashin kanun, sannan ya shiga sujada.

Da shanun maƙwabcinsa Malam Sale suka ci masa masara, sai ya jawo tafiretarsa. Ya zauna ya buga wasiƙa, kanu da manyan baƙaƙe, kowane sakin layi da lambarsa. Malam Sale ba ya karanta boko, don haka Kawu ya kai da kansa, ya karanta masa a tsaye.

"Na ɗaya, an umurce ni in sanar da kai..."

"Bitrus, wa ya umurce ka?"

"Haka ake farawa."

"To, zauna ka sha fura kafin na biyu."

Ban taɓa jin an kai na biyun ba.

Ni kuwa nawa ya same ni shekarar da na samu jami'a. Ana neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, kuma ranar Juma'a za a rufe rajista. Ranar Talata na rubuta wasiƙar neman takardar da hannu, na yi ta a tsanake, na nuna masa don girmamawa kawai. Ya dawo mini da ita ja wur.

"Hannatu, gwamnati ba ƙawarki ba ce. Ina kanu? Ina layi? Wannan waƙafin me yake yi a nan, hutawa?"

Ya ce shi zai buga. Sai ga ribon ɗin tawada na tafiretarsa ya bushe. Laraba na tafi Funtua nema, masu shago suna kallona kamar na tambayi kayan tarihi, da ƙyar na samu. Alhamis ya buga sau uku, yana yagewa, sai na huɗu ya gamsar da shi. Ina zaune ina ƙirga awoyi.

Juma'a na isa sakatariya, na tarar da layi har waje. Aka ce yanzu ba a karɓar wasiƙa, a kwamfuta ake cikewa, kuma babu netwok. Ina tsaye da takardata, ban san ko in yi kuka ko in tafi ba, sai wani dattijon jami'i ya karɓa ya duba.

"Wannan bugun Oga Bitrus ne. Shi ya koya mini aiki. Yana nan da biron?"

"Yana nan, Alhaji."

Ya gyara tsayuwa, ya shige da ni ofis, ya cike mini takardar da hannu, ya buga hatimi.

Na kai wa Kawu ina murna. Ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Bai sa kwanan wata ba. Ni ban koya masa haka ba. Koma."

Na koma. Alhajin ya sa, har da ba ni haƙuri. Na yi rajista saura minti kaɗan a rufe. Har yau ban gane ko Kawu ya cece ni ba ne ko ya kusa kashe ni.

Bara muka binne shi, bayan girbi. Ubangiji ya karɓe ka da jinƙai, Kawu, ya shafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa. Amin.